Zaman ɗaukar murya a situdiyo

Zaman ɗaukar murya a situdiyo shi ne lokacin da aka keɓe domin ɗan wasan murya ya shiga ɗakin naɗar sauti, ya karanta ko ya kwaikwayi abin da aka rubuta masa a ƙarƙashin jagorancin darakta, injiniyan sauti kuma yana naɗa. Ana yin irin wannan zama domin tallan rediyo da talabijin, da finafinan katun, da wasannin bidiyo, da wasan kwaikwayon rediyo, da littattafan sauraro, da kuma ɗora murya a kan fim ɗin da aka fassara daga wani harshe. Ya bambanta da naɗar da mutum yake yi shi kaɗai a gida, domin a situdiyo akwai mai saurare da yake yi masa gyara nan take, kuma galibi ana biyan kuɗin ɗakin ne gwargwadon awoyin da aka yi a ciki. Wannan ne ya sa zaman farko yake da nauyi ga sabon shiga. An riga an ji muryarsa a wajen gwaji kuma an amince da ita. Abin da ake dubawa a ranar shi ne ko yana jin gyara, ko yana kiyaye lokaci, da ko za a so a sake kiransa.

Tarihi

Sana'ar wasan murya ta samo asali ne daga wasan kwaikwayon rediyo da kuma shigowar sauti cikin fim a ƙarshen shekarun 1920. A shekarar 1928 kamfanin Walt Disney ya fitar da katun ɗin Steamboat Willie, kuma Disney da kansa ne ya riƙa yin muryar Mickey Mouse har zuwa 1947. Mel Blanc, wanda ya rayu daga 1908 zuwa 1989, ya yi muryoyin Bugs Bunny da Daffy Duck da wasu da dama a kamfanin Warner Bros., kuma yana cikin waɗanda suka sa aka fara ɗaukar wannan aiki a matsayin sana'a mai zaman kanta.

Daga baya aikin daraktan murya ya fito fili. Andrea Romano, wadda ta jagoranci muryoyin katun ɗin Batman da aka fara nunawa a 1992, ta yi suna wajen tara 'yan wasa a ɗaki guda su yi wasan tare kamar na rediyo. A Amurka an fi ɗaukar murya tukuna, sannan masu zane su bi ta. A Japan kuwa an fi ɗora murya bayan an fara haɗa hoto, kuma 'yan wasa da yawa kan tsaya a ɗaki ɗaya suna karɓa-karɓa a gaban makirufo uku ko huɗu.

A ƙasar Hausa, rediyo ne ya fara horar da masu wannan aiki. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kuma gidan rediyon Kaduna ya daɗe yana gabatar da wasannin kwaikwayo na Hausa, inda 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, suka shahara. A 'yan shekarun nan fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa da situdiyo irin su Algaita suke yi a Kano, da shirye-shiryen ƙetare da tashar Arewa24 take ɗora wa muryar Hausa tun bayan buɗe ta a 2014, sun ƙara yawan matasan da suke shiga sana'ar.

Mutanen da ke cikin zaman

Darakta shi ne mai alhakin yadda za a faɗi magana. Shi ya san labarin gaba ɗaya, alhali sau da yawa ɗan wasa ba ya ganin komai sai nasa layukan. Injiniyan sauti shi ne mai kula da makirufo, da ƙarfin sauti, da lambar kowace ɗauka. A aikin talla akan sami furodusa, da marubucin tallan, da wakilin kamfanin da ya ba da aikin, kuma kowannensu yana iya samun ra'ayi. Idan ra'ayoyi suka saɓa, al'adar sana'ar ita ce ɗan wasa ya jira darakta ya tace su ya ba shi umarni guda. A aikin fassara akan ƙara mai lura da harshe, wanda yake gyara jimla idan ta yi tsawo ko ta kauce wa ma'ana.

Ba dole ne duk waɗannan mutane su kasance a wuri ɗaya ba. A da ana haɗa situdiyo biyu ta layin waya na musamman mai suna ISDN. Yanzu an fi amfani da manhajoji irin su Source-Connect ta intanet, ta yadda darakta zai iya zama a wata ƙasa yana saurare.

Ɗaki da kayan aiki

Situdiyo yakan kasu gida biyu: ɗakin ɗauka, inda ɗan wasa yake tsayawa, da ɗakin injiniya, galibi da gilashi mai kauri a tsakani. Ana lulluɓe bangon ɗakin ɗauka da soso ko wasu kayan da ke shanye amo, don kada sauti ya riƙa dawowa. Wanda bai saba ba yakan ji muryarsa ta yi masa wani iri a irin wannan ɗaki, har ya fara ɗaga ta ba tare da buƙata ba.

Makirufon da aka fi amfani da shi yana da saurin kama sauti ƙwarai. Daga cikin sanannu akwai Neumann U 87, wanda aka fara ƙerawa a 1967, da Sennheiser MKH 416. Irin waɗannan suna kama ƙarar takarda, da motsin tufafi, da kukan ciki, da ƙarar agogo ko awarwaro. Akan sa wata 'yar rariya ta yadi ko ta ƙarfe a gabansa domin ta tare iskar da ke fita da ƙarfi daga baki. Ɗan wasa yana sa hedifon don ya ji kansa ya kuma ji darakta, wanda ba a jin sa sai ya danna maɓallin magana. Idan aka ga mutanen ɗakin injiniya suna magana ba a jin su, yawanci suna tattauna rubutu ne ko lokaci, kuma sabon shiga bai kamata ya ɗauka sukarsa ake yi ba.

Ana naɗa a kwamfuta da manhajoji irin su Pro Tools, da Adobe Audition, da Reaper, da Audacity wadda take kyauta. Aikin da zai hau fim ko talabijin ana naɗa shi ne galibi a ma'aunin kilohaz 48, a ajiye shi a tsarin WAV.

Shiri kafin ranar

Idan an aiko da rubutu tun da wuri, ana so ɗan wasa ya karanta shi da babbar murya, domin jimlar da ta yi daɗi a ido tana iya sarƙe harshe. Akan yi alama da fensir a wuraren numfashi da kalmomin da ke buƙatar nauyi. Ana fifita fensir a kan biro saboda rubutu yana canzawa a tsakiyar zama. Sunayen mutane, da na wurare, da na magunguna ko kayan kamfani, ana tambayar yadda ake furta su kafin a fara. Ba a so a haddace salo guda har ya kafe a baki, domin darakta yana iya neman akasinsa.

Yana da amfani ɗan wasa ya sake sauraron gwajin da ya aika aka ɗauke shi a kansa, tunda wannan muryar aka saya, kuma ana iya kunna masa ita a ce ya maimaita.

Tufafi masu laushi su ne suka dace. Shadda mai sitati, da leda, da kayan ado masu kaɗawa, duk makirufo yana kama su. Ana kashe waya gaba ɗaya ko a bar ta a waje, saboda ko tana shiru tana iya sa ƙara a cikin na'ura. Ana son a ci abinci marar nauyi kafin zama, a kuma fara shan ruwa tun awoyi kafin lokacin, domin ruwan da aka sha yanzu ba ya isa ga tantanin maƙwallato nan take. Isa wurin da kamar minti goma sha biyar kafin lokaci yana ba da damar gaisawa, da cike takardu, da ɗumama murya.

Yadda zaman yake gudana

Injiniya ne yake saita tsayin makirufo da nisansa. Ƙa'idar da kusan kowane situdiyo yake bi ita ce ɗan wasa ba ya taɓa makirufo ko sandarsa. Idan bai yi masa daidai ba, sai ya faɗa a gyara. Nisan da aka saba shi ne kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20 daga baki. Wannan nisa yana da tasiri ta hanya biyu. Idan mutum ya ninka nisansa, ƙarfin sautin yakan ragu da kusan desibel 6. Idan kuma ya matsa sosai, yawancin makirufon situdiyo suna ƙara wa murya kauri. Saboda haka wanda yake yawan gaba da baya yana ba injiniya ɗauka masu sauti daban-daban da ba za su haɗu ba. Akan shawarci ɗan wasa ya lura da inda ƙafafunsa suke, ya koma daidai wurin bayan kowane hutu.

Daga nan sai gwajin ƙarfin sauti. A nan ana so a karanta ainihin rubutun da ƙarfin da za a yi wasan da shi. Wanda ya yi gwaji a hankali sannan ya yi ihu a ɗaukar gaske, sautinsa zai fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Idan akwai layin ihu ko na raɗa a gaba, ana sanar da injiniya tun da wuri. A wannan lokaci ne kuma ake neman a ƙara ko a rage ƙarar hedifon.

Kowace ɗauka tana da lamba, wadda injiniya yake faɗa kafin a fara. Ɗan wasa yakan ɗan dakata bayan lambar, ya faɗi layinsa, sannan ya tsaya cik na daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan kalmar ƙarshe, don mai tacewa ya sami wurin yanka. Idan harshe ya sarƙe, ba a tsayawa ba da haƙuri mai tsawo. Ana ɗan shiru ne a koma farkon jimlar a ci gaba. A gajerun layuka akan nemi a faɗi layi sau uku a jere, kuma abin da ake nufi shi ne salo uku mabambanta, ta fuskar sauri ko nauyi ko yanayin zuciya. Idan rubutun a takarda yake, ana jera shafuka a buɗe, ba a juya shafi ana cikin magana.

Yawan ɗauka ba alamar gazawa ba ne. Tallan daƙiƙa 30 yana iya cin ɗauka masu yawa saboda ana neman zaɓi, ko saboda ana so ya shiga lokacinsa daidai. A Turanci akan ƙiyasta kalmomi 150 a minti ɗaya, wato kusan 75 a tallan daƙiƙa 30, kuma sau da yawa abin da ake nema shi ne a rage daƙiƙa ɗaya ba tare da an ji gaggawa ba.

Karɓar umarnin darakta

Wannan shi ne ginshiƙin zaman. Umarni yana zuwa ta hanyoyi daban-daban. Wani na fasaha ne, kamar a rage sauri ko a ɗora nauyi a kan wata kalma. Wani na yanayi ne, kamar a ce a faɗe shi tamkar ana lallashin yaro. Wani kuma ba shi da kai, kamar a ce a ƙara masa armashi. A irin na ƙarshe, ɗan wasa yakan maimaita abin da ya fahimta a taƙaice, ko ya gwada sau ɗaya ya bar darakta ya ce ko an doshi wurin.

Kuskuren da aka fi gani ga sababbi shi ne su amsa da to, sannan su maimaita abin da suka yi a baya ba canji. Daraktoci sun fi son a yi canjin da za a ji, ko da ya zarce, domin rage abin da ya yi yawa ya fi sauƙi a kan jawo abin da babu. Kuskure na biyu shi ne mantawa da gyaran baya idan sabo ya zo. Gyare-gyare taruwa suke yi, shi ya sa ake rubuta kowanne a gefen takarda. Na uku shi ne ɗan wasa ya yanke ɗauka da kansa don yana ganin ba ta yi ba, alhali tana iya zama ita darakta yake so.

Wani lokaci darakta yakan faɗi layin da bakinsa don a kwaikwaya. Abin da ake ɗauka daga nan shi ne kari da wurin nauyi. Idan ɗan wasa yana da nasa ra'ayi, ya fara ba da abin da aka nema, sannan ya nemi izinin gwada nasa sau ɗaya. Ƙari a kan rubutu yana halatta idan an ba da dama. Robin Williams ya yi suna da irin wannan ƙari a muryar aljanin fim ɗin Aladdin na 1992. A tallan magani ko na banki kuwa, inda lauyoyi suka duba kowace kalma, ba a canza ko harafi.

Jiki yana shiga cikin murya. Murmushi ana jin sa, haka ma ɗaure fuska. Shi ya sa da yawa suke tsayawa a tsaye suna motsa hannu, muddin baki bai kauce daga makirufo ba kuma ba a yi ƙara ba.

Ɗora murya a kan hoto

A aikin fassara da na gyaran maganar fim, ɗan wasa yana kallon allo yana daidaita maganarsa da bakin wanda ke cikin hoto. A tsarin da aka saba a Amurka da Birtaniya, yakan ji ƙara uku a hedifon masu tazara iri ɗaya, sai ya fara magana a inda ta huɗu za ta faɗo. A Faransa ana amfani da wani zirin rubutu da ke tafiya a ƙasan allo, ana furta kowace gaɓa idan ta iso kan wani layi. Abin da mai kallo ya fi lura da shi shi ne farkon magana, da ƙarshenta, da wuraren da leɓɓa suke haɗuwa, wato sautuka irin su b da ɓ da m. Idan jimlar fassara ta fi bakin tsawo, gyaran rubutu ya fi a hadiye kalmomi.

Abin da ya keɓanci Hausa

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, alhali dukansu suna bambanta ma'ana. Kalmar gari tana iya zama wurin zama ko abin tuwo, gwargwadon tsawon wasalin farko. Kuka na iya zama na hawaye ko na itace, gwargwadon karin gaɓar ƙarshe. Jimlar na ce ya tafi tana da karatu biyu: idan aka ja ya, labari ne cewa ya riga ya tafi, idan kuma aka gajarta shi da karin ƙasa, umarni ne. Mai karatu da bai san abin da ya gabata a labarin ba yana iya zaɓar wanda ba shi ba, don haka tambaya a nan wajibi ce.

Haka kuma rubutun da aka buga a waya ko kwamfuta sau da yawa ba ya ɗauke da baƙaƙe masu ƙugiya, sai a ga kafa a wurin ƙafa, ko baki a wurin baƙi. Ana gyara waɗannan da fensir tun a karatun farko. Batun karin harshe ma ana warware shi kafin a fara. Yawancin tallace-tallace da fassara suna bin daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da karin Kano, amma wani hali a wasa yana iya buƙatar Sakkwatanci ko Katsinanci ko Zazzaganci. Ta fuskar na'ura, tsayau irin su b da t da k, da kuma f idan aka furta ta da leɓɓa biyu, su ne suka fi bugun makirufo da iska, zuzau irin su s da sh kuma su ne suka fi yin tsini. Ɗan karkatar da baki gefe kaɗan yana rage duka biyun.

Lafiyar murya

Murya tana fita ne daga kaɗawar tantanin maƙwallato, wanda yake kaɗawa sau ɗari ko fiye a daƙiƙa guda a maganar yau da kullum. Ihu mai tsawo yana kumbura shi. Saboda haka ana barin layukan ihu, da na faɗa, da na mutuwa zuwa ƙarshen zama. Raɗa mai ƙarfi da yawan gyaran murya su ma suna gajiyar da shi, kurɓar ruwa ta fi. A lokacin hunturu, busasshiyar iska da ƙura suna ƙara bushewar maƙogwaro da ƙarar baki. Idan ɗan wasa ya ji zafi, ana so ya faɗa a tsaya. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku tana buƙatar ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Wannan batu ya taɓa kai wa ga yajin aiki. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka, SAG-AFTRA, ta shiga yajin aiki a kan wasu kamfanonin wasannin bidiyo, wanda ya kai kusan shekara guda. Cikin buƙatunta har da rage tsawon zaman da ke wahalar da murya daga awa huɗu zuwa biyu.

Kuɗi da haƙƙi

Kafin a shiga ɗaki ya kamata a san abu huɗu a rubuce: nawa za a biya, yaushe, a ina za a yi amfani da muryar, kuma har tsawon wane lokaci. Kuɗin zama daban yake da kuɗin amfani. Tallan da za a sa a gidan rediyo ɗaya na wata uku ba ɗaya yake da wanda za a sa a duk ƙasa da intanet ba iyaka ba. A littattafan sauraro akan biya ne bisa kowace awa da aka kammala, wadda take cin awoyi da yawa na aiki. Ana kuma fayyace ko dawowa gyara yana cikin kuɗin farko.

Shigowar ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wani sharaɗi, domin ana iya amfani da muryar da aka naɗa a horar da na'ura ta riƙa magana da ita. Wannan ne babban dalilin yajin aikin da SAG-AFTRA ta sake shiga a kan kamfanonin wasannin bidiyo a watan Yuli na 2024, wanda ya ƙare a 2025. Inda babu ƙungiya mai ƙarfi, kariyar ɗan wasa ita ce ya karanta takarda kafin ya sa hannu. Yawancin ayyuka kuma suna da sharaɗin rufe sirri, wanda ya hana ɗaukar hoton rubutu ko sanar da aikin a Facebook ko TikTok kafin ya fito.

Bayan zama

Kafin a sallami ɗan wasa, darakta da injiniya sukan duba ko an tsallake wani layi. Ana ajiye hedifon a inda aka same shi, a bar rubutun idan na sirri ne. Akan sake kiran mutum bayan kwanaki ko makonni don ya gyara layi ɗaya ko biyu, kuma a lokacin za a kunna masa tsohuwar ɗauka ya daidaita muryarsa da ita. Saboda haka masu sana'ar sukan rubuta wa kansu irin muryar da suka yi wa kowane hali, da nisan da suka tsaya, da gyare-gyaren da aka yi musu.